Masu lambu fili suke nema kafin taki

Wannan magana ta cewa ƙananan hukumomi su tallafa wa masu noman lambu a cikin gari da taki da iri ta yi daɗin ji, amma wallahi ni dai ba taki ne ya fi damuna ba, fili ne. Duk wanda ya san Kwakwaci da bakin rafin Jakara a Kano shekarun baya ya san yadda latas da kabeji da alayyafo suke shimfiɗe kore shar, yau kuwa sai ka ga an yanka wurin fuloti fuloti an dasa bulo, to irin da za a raba a ina za a shuka shi, a kan kwano? Kawuna shekara da shekaru yana ban ruwa a wani fegi, rana ɗaya aka ce ya tashi.

Sannan ga ruwan, na rafin Getsi duk dattin masana'antun Bompai ne a ciki kuma mu ke cin ganyen. Tun 2024 kotun ƙoli ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to ciyamomi a haƙa wa masu lambu tiyubwel mai sola mana, a kuma ba su takardar fili.