Kuɗin fansho namu ne, amma wa ke tambayar inda ake kai shi?

A Holan, inda nake zaune, akwai asusun fansho na malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati mai suna ABP. A watan Oktoba na 2021 ya sanar da cewa zai janye jarinsa na kimanin Yuro biliyan 15 daga kamfanonin haƙar mai da gas da kwal saboda sauyin yanayi. Ma'aikatan da ke zuba kuɗinsu a asusun ne suka matsa masa lamba. Sun yi shekaru suna koke da zanga-zanga, har ƙungiyar Fossielvrij mai fafutukar kare muhalli ta ɗaura aniyar kai shi kotu. Cikin asusun kuma akwai majalisar da wakilan ma'aikata da 'yan fansho ke zama, dole shugabanni su yi mata bayani.

A gida Najeriya fa? Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukarsa aiki ya ƙara kashi 10. Abin da aka tara ya haura naira tiriliyan 20, mafi yawansa bashi ne aka ba gwamnatin tarayya. Ma'aikacin tarayya da ke Sakkwato abin da yake gani shi ne saƙon waya da ke nuna masa adadin da ya taru. Babban ikonsa shi ne ya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, shi ma sai a 2020 aka buɗe wannan ƙofa.

Na san dattijon da ke jiran haƙƙinsa zai ce a fara biyansa tukuna. Gaskiyarsa. Sai dai mu ne sauyin yanayi ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Hamada na cin gonaki ta wajen Illela da Gudu, mutanen Goronyo kuwa ba su manta ambaliyar 2010 ba. Wanda ya yi ritaya gona zai koma.

Ina so in ga wani kaso na wannan dukiya a injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana a fadamunmu, muddin akwai riba kuma kuɗin mutane ba zai salwanta ba. Hanyar ma an fara ta: a 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69.

Malaman jami'a sun dage har suka samu kamfaninsu na fansho, NUPEMCO. Don haka reshen ƙungiyar ƙwadago na Sakkwato zai iya kiran kamfanonin nan duk shekara, su zo gaban ma'aikata su karanta inda suka zuba kowace naira.