Harsashin da ake auna wa kare a Amurka, da wanda yake samu

A watan Yulin 2014, jami'an tsaro na gundumar Coffee a jihar Jojiya ta Amurka suka biyo wani mutum da suke nema har cikin harabar gidan wasu mutane da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Akwai yara suna wasa a wajen. Aka umarce su su kwanta rub da ciki, suka kwanta. Sai karen gidan ya fito. A cewar takardar ƙarar da mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta shigar, ba cizo ya kawo ba, amma ɗaya daga cikin jami'an ya ɗirka masa bindiga, bai same shi ba. Kare ya shige ƙarƙashin gida, ya sake fitowa yana nufar masu shi, jami'in ya sake harbi. Wannan karon harsashin ya faɗa bayan gwiwar yaro ɗan shekara 10 da ke kwance ƙasa da rabin mita daga ƙafar mai harbin.

A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ba za a tuhumi jami'in da biyan diyya ba. Hujjarta ita ce kare ya auna, ba yaron ba, kuma babu wata kotu da ta taɓa yanke hukunci a kan lamari irin wannan sak. A 2020 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar.

Na san mai karatu zai iya cewa: kare ne fa. A wajenmu kare na gadi ne da farauta da bin garke, ba ya kwana a ɗaki, kuma da yawa daga cikinmu ko kusa da shi ba ma son zuwa. A Amurka kuwa ana sa masa suna, a kai shi asibiti, a yi makokinsa. Ba sai mun ɗauki tasu al'adar ba kafin mu gane cewa rai rai ne. Tun muna makarantar allo aka faɗa mana labarin wanda Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Amma ko da mutum bai damu da karen ba sam, abin da ya faru a Jojiya ya isa ya sa shi tsayawa. Kare yana zaune ne a inda mutane suke, a tsakar gida, a ƙofar ɗaki, a gefen yara. Duk wanda ya buɗe masa wuta, cikin iyali ya buɗe ta. A watan Janairun 2015, a garin Burlington na jihar Iowa, wani ɗan sanda ya harbi karen wani gida, harsashi ya kashe uwar gidan mai shekara 34 a gaban ƙaramin ɗanta. Ba a gurfanar da shi ba. Birnin ya biya iyalin dala miliyan 2 a 2018.

Sau nawa hakan ke faruwa? Babu hukumar da ke ƙirgawa a faɗin ƙasar, kuma wannan shi kansa abin tuhuma ne. Wata ma'aikaciya a Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta taɓa kiyasta cewa 'yan sanda na kashe karnuka 25 zuwa 30 a kowace rana, wato kusan 10,000 a shekara. Kiyasi ne kawai. Ƙasar da ta san adadin ma'aikatan gidan waya da kare ya kai wa hari kowace shekara, har ta jera birane daga na ɗaya zuwa ƙasa, ba ta ga dalilin rubuta sau nawa jami'inta ya saki harsashi a gidan mutane ba.

Batun ma'aikatan gidan wayan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Fiye da 5,000 daga cikinsu ne karnuka ke kai wa hari a shekara. Kullum suna shiga harabar gidajen da ba su sani ba. Ba sa riƙe bindiga. Abin da ake ba su shi ne feshin barkono, da jakar wasiƙa da za su kare jikinsu da ita, da horon sanin lokacin da ya kamata a ja da baya. Ban ce aikin biyu ɗaya ba ne. Ɗan sanda yana shiga gida da tsakar dare, cikin ihu, wani lokaci inda dillalan ƙwaya suka ajiye mugun kare da gangan don ya yaga duk wanda ya shigo. Wanda irin wannan kare ya yo kansa yana da haƙƙin kare ransa, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Matsalar ita ce kalmar "na ji tsoro" ta zama mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa. Da ita aka yi bayanin babban kare mai kawo cizo, kuma kusan irinta aka kawo a garin Sturgeon na jihar Missouri a watan Mayun 2024, inda ɗan sanda ya bindige wani ɗan ƙaramin kare makaho, kurma, da bai wuce kilo 6 ba, bayan maƙwabciya ta kira don a taimaka a mayar da shi gida. Hukumar garin ta fara da cewa jami'in bai yi laifi ba. Sai da hoton kyamarar jikinsa ya bazu, jama'a suka tayar da ƙura, har magajin garin ya sauka daga kujerarsa.

Idan mai ƙaramin ƙarfi ne kawai abin ke samu, sai a ce don ba shi da kowa ne. To, a watan Yulin 2008 gidan magajin garin Berwyn Heights a jihar Maryland, Cheye Calvo, aka fasa. Masu safarar tabar wiwi ne suka yi amfani da adireshinsa ba tare da saninsa ba. Jami'ai suka kashe karnukansa biyu, suka ɗaure hannunsa da na surukarsa na kusan awa biyu. An wanke shi da iyalinsa daga zargi. Hukumar da ta turo jami'an kuma ta binciki kanta, ta ce yaranta sun yi daidai. Calvo bai haƙura ba, ya bi majalisar jihar har aka yi doka a 2009 da ta tilasta wa rundunonin kai samame su riƙa bayar da rahoton fitarsu. A 2014 wa'adin dokar ya ƙare.

Kotuna sun yarda cewa kashe karen mutum daidai yake da ƙwace masa dukiya, abin da gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana sai da dalili. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba jami'an birnin San Jose a jihar Kalifoniya rigar kariya, wato kariyar da ke hana a tuhumi jami'i da biyan diyya, domin sun samu mako guda suna shirya samame, sun san akwai karnuka a gidajen, amma shirinsu bai wuce bindiga ba. Wannan hukunci ne mai ma'ana: tambayar ta fara tun daga abin da ka tanada kafin ka isa ƙofa. Sai dai a 2016 wata kotun ta goyi bayan 'yan sandan Battle Creek a jihar Michigan, waɗanda suka bi karnuka biyu har ɗakin ƙasa suka kashe.

Ko an ci shari'ar ma, wa ke biya? Farfesa Joanna Schwartz ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta yi bincike a 2014, ta gano cewa cikin kuɗin diyyar da aka biya a ƙararrakin da aka kai 'yan sanda, abin da ya fito daga aljihun jami'an kansu kusan kashi 0.02 ne cikin ɗari. Sauran daga baitulmali, wato daga harajin mutanen gari, har da wanda aka kashe wa karen.

Jihar Colorado ta yi doka a 2013 da ta wajabta horon awa uku kan yadda ake tunkarar kare, Texas ta bi sahu a 2015 da awa huɗu. Abu ne mai kyau, kuma ba shi da tsada. Amma horo ba ya canja halin wanda ya san ko ya bi ko bai bi ba, babu abin da zai same shi. Na fi ganin amfanin abin da Colorado ɗin ta yi a 2020, da ta buɗe hanyar kai jami'i ƙara a kotun jiha ba tare da rigar kariya ba, kuma idan aka tabbatar bai yi aiki da kyakkyawar niyya ba, zai iya biyan kashi 5 cikin ɗari na diyyar ko dala 25,000 daga aljihunsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Abin da ya rage shi ne a rubuta kowane harbi, ko na dabba ne, a saki hoton kyamara cikin kwanaki kaɗan, kuma bincike ya koma hannun wanda ba ya karɓar umarni daga shugaban mai harbin. Mutanen Najeriya da suka sha jin an ce bindiga ce ta tashi bisa kuskure a shingen hanya, daga nan maganar ta mutu, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan na ƙarshen.