Mai Mai Ɗumi da Bushewar Gashi a Lokacin Hunturu

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Zariya wajajen watan Nuwamba, abu ɗaya nake gani a gidan mai kitsonmu da ke Tudun Wada: ana tsefe kai, guntayen gashi suna zuba a kan zani kamar ƙaiƙayi. Mata da yawa sukan ɗora laifin a kan mataji ko hannun mai kitso, amma a ganina bushewa ce tushen matsalar, kuma babu abin da ya taimake ni a kanta kamar shafa mai mai ɗumi kafin wankin kai.

Gashinmu a nannaɗe yake, saboda haka maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har bakin gashi, sai hunturu ya zo ya tsotse ɗan danshin da ya rage. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mai ba ya shayar da gashi, ruwan da ke ciki kawai yake tsarewa. Shi ya sa nake fara yayyafa wa kaina ruwa, in raba gashin kashi huɗu, sannan in bi da mai tun daga baki zuwa tushe, in rufe da leda, in naɗa tawul na minti 30, kafin in wanke da sabulun salo. Sau ɗaya a mako biyu ya wadace ni.

Man kwakwa na fi amincewa da shi. A shekarar 2003 wasu masu bincike a Indiya sun gwada shi tare da wasu mayuka biyu, suka tarar shi kaɗai ya rage asarar sinadarin furotin daga gashi, domin yana ratsa silin gashi maimakon ya tsaya a samansa. Yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, don haka kada ki tsorata idan kin wayi gari a Janairu kin ga kwalbar ta koma fari ƙal. Nakan haɗa shi da ɗan man kaɗanya da nake saya a kasuwar Sabon Gari. Kakata kuwa, Allah Ya jiƙanta, man shanu da alayyadi ta sani.

Inda nake roƙon 'yan'uwana mata su kula shi ne wajen ɗumamawa. Na taɓa narka man kaɗanya a ludayi a kan risho, na zuba wa ƙanwata a tsakiyar kai ban gwada ba. Ta yi ƙara, wurin ya tashi, kuma sai da ya yi makonni kafin ya warke. Har yau abin yana damuna. Tun daga ranar, kofin man nake tsomawa a kwanon ruwan zafi har ya narke, in ɗiga a cikin wuyan hannuna, idan na ji ya wuce ɗumi in jira ya huce.

Mai fama da amosani kuma ta tsaya a kan gashin kawai, kada ta cika fatar kai da mai, musamman man zaitun, domin ƙwayar cutar da ke rura amosanin da maiƙo take rayuwa. Bakin gashin da ya riga ya tsage shi ma mai ba zai ɗinke shi ba, sai a sa almakashi a datse.