Kafin Mu Kira TRAPPIST-1 Sabon Gidan Ɗan Adam

Jama'a, duk lokacin da labarin TRAPPIST-1 ya sake zagayowa, sai ka ga ana ta tura shi da babban take cewa an gano wata duniya irin tamu, har wasu na raha cewa su fara haɗa kaya. Ni dai a ganina gaggawa ta yi yawa, kuma gaggawar ce ke rufe ainihin abin sha'awar da ke cikin lamarin.

TRAPPIST-1 tauraro ne ƙarami ja, nisansa da mu kusan tafiyar haske ta shekara 40. Girmansa bai fi na duniyar Mushtari (Jupiter) da komai ba sai ɗan kaɗan, nauyinsa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na Rana ba. A 2016 tawagar Michaël Gillon ta Jami'ar Liège da ke Beljiyam ta sanar da duniyoyi uku a kewayensa, da wata ƙaramar na'urar hangen nesa da ke Chile. A Fabrairun 2017, bayan na'urar hangen nesa ta Spitzer da ke sararin samaniya ta sa ido, adadin ya koma bakwai, dukkansu na duwatsu, girmansu na kusa da na tamu. Babu wanda ya gan su ido da ido, a kula. Hasken tauraron ne ke ɗan dusashewa duk sanda ɗaya ta gitta ta gabansa, daga wannan dusashewar ake lissafa girmanta da kwanakin zagayenta.

To ga inda gizo ke saƙa. Tauraron ba shi da zafi sosai, kuma mai jin ɗumin ƙaramar wuta dole ya matso daf da ita. Ta ciki cikinsu tana gama shekararta a kwana ɗaya da rabi, ta can ƙarshe a kusan kwana 19, alhali a namu tsarin wadda ta fi kusa da Rana sai ta yi kwana 88. Irin wannan kusanci na da tsada. Masana na ganin ƙarfin jan tauraron ya riƙe su ta yadda fuska ɗaya ce kullum ke kallonsa, kamar yadda Wata ke nuna mana gefe guda. Ke nan rabi rana ce da ba ta faɗuwa, rabi dare ne da gari ba ya wayewa. Ƙari a kan haka, jajayen taurari ba su da haƙuri: sukan yi aman wuta mai ƙarfi, wanda a tsawon biliyoyin shekaru zai iya kankare iskar da ta lulluɓe duk duniyar da ke kusa.

Masu cewa ai uku daga ciki suna yankin da ruwa zai iya zama ruwa, gaskiyarsu. Amma Watanmu ma a irin wannan yanki yake, ba iska ba teku. Nisa kawai yankin ke aunawa.

A 2023 na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta auna zafin ta farko, wato mafi kusa da tauraron, wadda ake kira b, ta sami ɓangarenta na rana ya kai wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, alamar da ta fi kama da dutse tsirara marar iska mai kauri. Ta biyu ma ba a ga iska mai kauri irin ta duniyar Zuhura (Venus) a kanta ba. Wannan labarin bai yaɗu kamar na farko ba, don ba ya sa jini ya motsa.

Duk da haka ba na tare da masu cewa binciken asarar kuɗi ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin gungunmu na Milky Way jajayen ƙanana ne, har maƙwabcinmu mafi kusa, Proxima Centauri, wanda aka gano masa duniya a 2016. Suna ƙona makamashinsu a hankali, su kai tiriliyoyin shekaru, Rana kuwa duka-duka wajen biliyan 10 ne rabonta. In duniyoyinsu na iya riƙe iska, wuraren da rai zai iya samun gindin zama sun yawaita ƙwarai. In ba sa iyawa, mafi yawan taurari sun fita daga lissafi. Ko wacce amsa ta fito, babba ce, kuma TRAPPIST-1 ya ba mu duniyoyi bakwai a jere ƙarƙashin wuta ɗaya don a gwada.

Zancen ƙaura kam a ajiye shi: da gudun kumbon Voyager 1, tafiyar za ta ci kusan shekara dubu 700. Yanzu hankalin masana ya fi karkata ga ta huɗu, wato e, mai shekarar kwana shida, kuma babban ciwon kansu shi ne tabo-tabon da ke fuskar tauraron, waɗanda ke gurɓata hasken da ake son karanta iskarta da shi.