Rage hayaƙi ba sola kaɗai ba ne

A Kano nakan ji ana cewa kamfanin makamashi mai binciken rage hayaƙin kabon, farantan sola kawai yake ƙerawa. Na san dalili, su muke gani bisa rufin shaguna. Amma fahimtar ta gaza, kuma abin yana damuna.

Irin waɗannan kamfanoni kan kasa masanansu rukuni-rukuni. Wasu suna neman dabarar kama kabon kafin ya fita daga bututun masana'anta, wasu suna toshe yoyon gas, wasu kuma kayan da ake ƙera abubuwa da su, irin su roba, suka sa a gaba. Ɗauki robar da masana'antun Sharaɗa ke narkawa. Daga ɗanyen mai da gas ake samo ta, don haka binciken da ya sauƙaƙa sake sarrafa tsohuwar roba yana rage hayaƙi, ko ba a kafa farantin sola ɗaya ba.