Duba Tsafta Ake Yi Ko Tozarta Yara?

Abin da aka yi wa yaran nan a filin asambili ranar Litinin tozarci ne tsagwaronsa, kuma duk wanda zai kira shi tarbiyya, to ni da shi mun yi hannun riga. An fito da yara 'yan aji uku, an durƙusar da su a gaban makaranta kaf saboda makero ya fito musu a ka, malami yana nuna su da bakin bulala, sauran kuma an sakar musu baki su yi ta ihu. Madalla da wannan gagarumin aikin kiwon lafiya!

Ya kamata mai riƙe da bulalar ya san cewa makero cutar fata ce da ake ɗauka ta askar wanzami, ko injin aski, ko hular da aka yi aro, kuma idan ya kama fatar kai wanka da sabulu kaɗai ba ya kawar da shi, sai an sha magani na makonni. Yaro ɗan shekara takwas ba shi ne ke zaɓen wanzami ba, ba shi ne ke riƙe da kuɗin magani ba, amma shi aka durƙusar. Da an kira uwarsa ko ubansa a keɓe an yi musu bayani, da magana ta ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya, wanda malamin ba zai gani ba. Daga ranar sunan yaron ya koma Mai Makero, wanda suke zama benci ɗaya zai matsa gefe, idan an tashi tara babu mai yarda ya sa hannu a ƙosansa. Makeron zai warke, sunan kuwa zai iya bin sa har sakandare. Yaron da a da yake rige-rigen ɗaga hannu sai ya koma ƙarshen aji ya sunkuyar da kai, daga nan kuma kowace Litinin sai ciwon ciki ya tashi.

Na san masu cewa su ma haka aka yi musu, ga shi sun zama mutane. Waɗanda wannan kunyar ta kora daga makaranta ba sa nan Facebook balle su ba ku amsa.

Kuma wace tsafta ce ake dubawa a makarantar da masanta ba shi da ƙyaure, babu ko tulun ruwa, har 'yan mata suna gwammace su zauna a gida idan al'ada ta zo musu? Duk ranar 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya, za a fito da sababbin bokitai masu famfo da sabulai, a jera yara a ɗauki hoto, kashegari kuma a kulle kayan a ofishin hedimasta sai baɗi.