Ganga a Ngaundere, shiru a Stavanger

Mu 'yan arewacin Kamaru mazauna Turai muna da wata magana da ba ma gajiya da ita in mun fito daga coci: wai sujadar mutanen nan ta mutu, tamu ta gida ce mai rai. Na san abin da ke jawo maganar, amma ban yarda da ita ba.

A nan Stavanger, ƙasar Norwe, ƙarfe 11 na safiyar Lahadi ake farawa, kafin 12 da rabi an tashi an koma shan kofi. Kujeru sun fi mutane yawa, waɗanda suka zo ɗin ma galibi masu furfura ne. Ba tafi, ba guɗa. A garin nan ne aka kafa ƙungiyar mishan ta 'yan Norwe a 1842, ita ce ta aiko mutanen da suka iso Ngaundere a 1925, shekara biyu bayan Adolphus Gunderson na Amurka ya fara aiki a cikin ƙabilar Gbaya. Daga aikinsu ne ikilisiyar Lutheran ta Kamaru, EELC, ta fito. Yau da yawa cikin jikokinsu sai baftisma, Kirsimeti ko jana'iza ke kawo su coci. Wannan abin takaici ne, ba na musu.

A gida kuwa, sai wanda ya gani. Zumuntar mata da anko, matasa da ganga, kowace ƙungiyar mawaƙa da harshenta: Gbaya, Mbum, Dii, Fulatanci, mu masu Hausa ma a ba mu dama. Fasto ya yi jimla da Faransanci, tafinta ya juya. Awa uku ta wuce ba ka sani ba. Ina kewar wannan ƙwarai, musamman da hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin biyar na yamma.

Sai dai maƙwabtanmu Musulmi na unguwa sukan yi mana wata tambaya cikin raha: "To ku, waƙa da rawa su ne ibadar taku?" Amsar da muke bayarwa sau da yawa ba ta gamsar da kowa, don mu kanmu mun manta da ita. A 1544, da Martin Luther, wanda ikilisiyar Lutheran ta samo sunanta daga gare shi, yake keɓe wata majami'a a Torgau, ƙasar Jamus, ya ce abin da za a yi a ciki shi ne Ubangiji ya yi mana magana ta Kalmarsa, mu kuma mu amsa masa da addu'a da yabo. Ku lura da wanda ya fara. Allah ne mai bayarwa, mu masu karɓa. Mutum ya zo hannu rabbana, ya furta zunubinsa, ya ji an shelanta masa gafara saboda Yesu Almasihu, ya ji Littafi Mai Tsarki, ya karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tunawa da mutuwar Yesu. Waƙa da baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, amsa ce ga abin da aka riga aka ba shi. In an sa amsa a gaba, an manta da mai magana, to tuwo ne aka zubar aka riƙe murfin kwano.

Wannan tsari dai yana nan daram a cocin da muke ce wa matacce. Tsohuwa ta taso da sandarta ta miƙa hannu a ba ta gurasa. Da wane ma'auni zan ce tata sujadar ba ta kai ta mai guɗa ba? Matar Samariya ta tambayi Yesu ko a kan dutse ne za a yi sujada ko a Urushalima, ya ce mata ba wurin ba ne, Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. Bai ambaci ƙarar murya ba, bai kuma ambaci shiru ba.

Inda nake da ƙorafi a gida shi ne baiko. Na zauna a wata majami'a aka kwashe kusan awa guda ana kiran suna: wane ya ba da jaka goma, wance jaka biyar, ana tafi. Da aka zo wa'azi, dattijon ikilisiya ya raɗa wa fasto ya taƙaita, rana ta yi. Gwauruwar da ta ƙulla 'yar dalarta a bakin zane, da wane ido za ta tashi? Yesu kuwa ya ce kada hagunka ta san abin da damarka ke yi, kuma gwauruwar da ta ba da anini biyu ya yaba. Sanarwa ma haka, ta gini, ta biki, ta taron mata, duk a cusa su gabanin karatu, har mutane su gaji tun ba a buɗe Littafin ba.

Don haka, iyayena dattawa, ba cewa nake a ajiye ganga ba. Zabura 150 da kanta ta ce a yabe shi da ganga da rawa. Roƙona a daina kiran sunan masu baiko, a liƙa sanarwa a allo bakin ƙofa, a bar wa fasto lokacinsa. Za a ce in ba a kira suna ba kuɗin gini zai ragu. Mai yiwuwa ya ragu, ginin ya ƙara shekara biyu ba rufi. Na yarda da hakan.